Firiza Mai Lamba Huɗu

Yau Dakta Nicte Tzab za ta miƙa makulli.
Shekara talatin da ɗaya a jami'ar Merida,
ɗaki guda, bene na biyu,
inda fanka ke tari kamar tsoho mai taba.

A aljihun tebur ta tarar da wasiƙun a'a,
goma sha bakwai, ta ƙirga.
"Ba mu da kuɗin bin ƙauyawa shekara ashirin."
Ɗaya ta daɗe da ninke ta,
ita ce ke tokare gurguwar ƙafar teburin.

Wata ƙafar ce ta kawo ta nan.
Ƙafar Remigia, uwarta,
mai jiƙa masara da toka tun dare,
mai tafa gurasar masara a tafi kafin zakara ya yi cara.
Sai kwalta ta iso ƙauye,
motar lemo na biye da ita,
kwalba ta fi rijiya kusa.
Sukari ya ci yatsa, ya ci diddige,
ya huta a gwiwa, ya ƙarasa.
Takalmin hagu ya shekara a bakin ƙofa,
ba mai sawa, ba mai zuciyar yarwa.

Mutum ɗari takwas da sha biyu ta bi.
Duk Janairu: sikeli, igiyar awon ƙugu, allura.
Su zo ba su karya ba, suna mita.
Tsoho Eulogio ya nannaɗe hannun riga ya ce,
"'Yar Remigia, wannan jinin nawa da kike tarawa,
in na mutu wa zai gada?"

Yana nan, a firiza mai lamba huɗu,
shi da na matarsa, da na ungozoma, da na mai gyaran keke.
Shekarar da guguwa ta kwashe turakun wuta,
kwana shida gari ba haske,
ta ari janaretan mai sayar da kifi,
ta sayar da 'yan kunnenta ta sayi mai.
Ita da ɗalibinta Baltasar suna karɓa-karɓar barci
kamar masu jinyar jariri.

Abin da ta gano bai cika shafi uku ba.
Wake, kabewa, masarar gona, tafiyar ƙasa:
wanda bai saki waɗannan ba,
ciwon kan yi jinkirin ƙwanƙwasa masa ƙofa.
Uwarta ta san haka ba ta iya rubuta sunanta ba.
Amma sani daban, hujja daban,
hujja kuwa sai da gashinta ya yi fari.

An gayyace ta taro a ƙetaren teku,
minti goma aka ba ta.
Aka tafa.
Da aka fita hutu, sai ga kek, sai ga lemo a jere.

Bara ta soki yatsarta da kanta,
ta dubi lambar, ta sake dubawa.
Ba ta kira kowa ba.
Ta buɗe babban littafin,
ƙarƙashin ɗari takwas da sha biyu
ta ƙara layi.

Yanzu Baltasar, shi ma da furfura a gemu,
ya miƙo hannu biyu.
Ta ce, "Robar ƙofar ta saki, ka riƙa dannawa da gwiwa."
Sai ta tsaya tana sauraren gunjin firizar.

"Janairu zan zo," in ji ta,
"ban karya ba.
Ka sa ni bayan ungozoma."