Takardar Cikin Kwali

A Nazare, bakin tekun Fotugal,
inda gishiri ke cin ƙofa da taga,
tsoho Anselmo ya buɗe maganin hawan jini,
ya girgiza kwalin, ya leƙa, ya sake girgizawa.
Ƙwayoyi kaɗai suka faɗo.
Takardar nan mai ninki goma sha biyu,
wadda in ta fito ba ta yarda ta koma,
babu ita.
Sai ɗan zane a gefe, ɗigo-ɗigo baƙi,
kamar taru ya cukurkuɗe.

Ya dogara sanda har kanti.
Filipa mai magani ta ce, "Haska masa waya, Baba.
Bayanin duk yana ciki, kuma ba ya tsufa."
Ya ce, "Shekara hamsin ina karanta fuskar ruwa, 'yata,
ban taɓa neman caji ba."

Da magariba jikarsa Matilde ta kawo romon kifi.
Ta haska, ta ware yatsu biyu a gilashi,
haruffa suka kumbura kamar burodi a tanda.
Ta danna, wata murya ta ɗauki karatu:
yana iya kawo jiri, yana iya kawo busasshen tari.
Cokali ya tsaya a hannun tsoho.
Wata uku ke nan yana ɗora wa iskar teku laifin tarin nan.
Da can ma an rubuta,
amma ƙanana, kamar ƙwan kifi,
tabarau kuwa ya daɗe da gazawa.

"To, ba laifi," ya ce. Bai ƙara ba.

Da ta tafi ya jawo gwangwanin biskit.
Takardun Ermelinda ne, na damunarta ta ƙarshe,
sun yi laushi, ɗaya da tabon gahawa.
Ta ja layi da fensir, ta rubuta a gefe:
Bayan abinci.
Rabi kawai.
Ka sha naka kai ma, mai taurin kai.
Wace waya ce za ta karanta wannan?

Washegari ya ce wa Filipa,
"A duba mini zancen tarin nan.
Sannan ki buga mini ita, da manyan baƙi."
Inji ya tofo shafi huɗu, da ɗuminsu.
Ya ninke, ya sa a aljihun ƙirji.

A gida ya fere fensir, ya zauna,
yana kallon farin gefen takarda,
har ruwa ya janye daga gaɓa.