Kiran Suna

Mu tamanin da huɗu muka shiga siziyam,
ajin zana, can bayan ofishin darakta,
rana na ratsowa ta tsakanin kara
tana yi mana zanen zabuwa a kan kaye.
Benci ɗaya, mu huɗu:
ni, da Ma'azu, da Illa ɗan Mokoyo bahago,
wanda gwiwar hannunsa ke ture min biki
duk sanda Mushe Kalla ya fara dikte.
Na huɗun ya tafi tun kafin azumi,
har yau ina lalube, sunansa ya ƙi zuwa.

Mushe Kalla na kiran suna da safe
kamar mai ƙirga awaki a bakin rijiya.
Cima ce ke amsawa har ajin maƙwabta su ji,
ko ranar da masassara ta hana ta karin kumallo.
In an kaɗa ƙarfe, sai gindin dogon yaro
wajen Iya Tabawa mai beruwa:
ta dala goma, tsinke biyar,
yaji ya fi abincin yawa,
ba wanda ya ƙoshi, ba wanda ya yi ƙorafi.

A sankiyam muka samu rufin kwano.
Ruwan farko ya sauko ana tsakar lissafi,
muna ganin bakin malam yana motsi,
ba ma jin komai sai kiɗan sama.

Sai shekarar da aka yi ta yajin aiki.
Muryarmu ta fashe a bakin Gulbi,
ƙarƙashin mangwaron da ba namu ba.
Wandon Ma'azu ya gudu ya bar idon sawunsa.
Illa ya soma bin kawunsa Ɗan Isa,
yana dawowa da warin isansi a riga
da 'yan canjin da ya fi na ubannin wasunmu.
Da aka koma aji, an kira shi sati uku,
sannan aka ja layi da jan biki.

Birbe muka yi wa kwanan zaune
a gindin fitilar titi, sauro na karɓar nasa haraji.
Ranar sakamako aka karanto sunaye da lasifika.
Harira ta tsaya har aka naɗe takarda,
har aka kwance waya,
sannan ta sunkuya ta gyara takalminta
wanda babu abin da ya same shi.

Mu goma sha tara muka ga tarminal.
Ma'azu ya rubuta wa Cima wasiƙa,
kwana huɗu yana gyara layi biyu,
ya ba ni don hanyarmu ɗaya da ita zuwa Bagalam.
Na sa a littafin falsafa.
Na ce masa na bayar, ta yi shiru.
Ya yi dariya, ya ce shirun ma amsa ne.

Yanzu Illa na da manyan motoci uku,
in mun gamu a kasuwa ya kan kira ni shehin boko,
ya biya kuɗin shayin tun ban laluba aljihu ba.
Cima na karɓar haihuwa a Dakwaro.
Keken Harira ne ya ɗinka rigar da ke jikina.
Ma'azu ya bi masu neman zinariya arewa,
damina bakwai ke nan, ko saƙon baka.

Ni kuwa alli ya cinye mini yatsu.
Ajin zana aka ba ni bana, yara casa'in.
Kullum da safe ina kiran suna,
in na zo kan wani Ma'azu a layi na arba'in
sai in ɗan dakata kafin ya amsa.
Littafin falsafa yana ƙasan akwati.
Gara ta ci bangonsa,
ta bar mini wasiƙar.