Mai Littafi a Kwatar Yauri

Jatau ya bugo daga teku.
Ya ce, Baba, jirgin da nake wanke wa kwanuka
ya ɗara duk benayen Yelwa tsawo,
kuma a haƙarƙarinsa an rataye ƙananan jirage
kamar ƙore a ragaya.
Kowanne da adadinsa rubuce a goshi:
ɗari da hamsin, babu ɗoriya.
Har jinjirin goye an ware masa gurbi.
Kafin a tashi sai an busa ƙaho,
kowa ya je ya ga inda zai tsaya
ranar da ba a fata.

Na ce madalla. Na mai da waya aljihu.

Shekara goma sha tara ina riƙe da littafin nan,
kuɗi nake rubutawa, ban taɓa rubuta suna ba.
Jirgin Dantani na mutum sittin ne
ranar da kafinta ya buga ƙusar ƙarshe.
Ran kasuwa kuwa, na duk wanda ya zo ne:
buhunan shanshera, babur biyu, tumaki,
mata a kan buhu, yara a kan mata,
har ruwa ya riƙa lasar baki
kamar kare ya ga akushi.

Rigunan ruwa goma sha huɗu aka kawo mana bara.
Bakwai sun zama matashin kai.
Ɗaya Dantani ya toshe ɓula da ita.

Yau na ƙidaya da ƙarfi, kai da kai.
Da na kai sittin na gitta gora.
Ta sittin da ɗaya Inna Ladidi ce,
da kwandon bandar kifi da jika a hannu.
Ta ce, ɗan nan, yaushe ka zama Mala'ikan Mutuwa
da har ka san wanda kogi ke so?
Ajali ko a kan tabarma.

Na ce haka ne, Inna.
Ban ɗaga gorar ba.

Dantani ya tofar da yawu, ya ja inji,
ya ce kuɗin mai a albashina zai fito.
Jirgi ya tafi da tafin hannu biyu na katako
a saman ruwa. Ban taɓa ganin launin wurin ba:
ashe shuɗi aka shafa masa.

Inna tana zaune a kan kwandonta, ta ba ni baya.
Jikan yana jifan ruwa da tsakuwa.
Jibi babbar kasuwa ce,
ban sani ba ko hannuna zai iya.