Rima a Ƙarƙashin Darduma

Asabar ce, Todmorden ta tashi da yayyafinta na kullum,
irin wanda ba ya jiƙa riga sosai, sai dai ya nemi ƙashi.
Na buɗe tsohuwar Fijo, ƙirar sittin da takwas,
wari ya tare ni tun daga bakin ƙofa,
warin ɗakin da aka kulle tun marka.

Na durƙusa, gwiwa ta yi ƙara.
Da yatsu biyu na ɗaga dardumar gefen direba,
sai ga ƙarfe yana zufa,
ɗigo-ɗigo kamar goshin mai huɗa.
Audugar ƙasa ta sha ta ƙoshi har ta yi baƙi,
funfuna ta zana taswirar ƙasar da ba a taɓa zuwa ba.

Tsoho Ackroyd, wanda ya sayar mini da ita,
ya jingina da katanga, shayinsa na hucewa a hannu.
Ya ce, ɗana, kar ka ɗora wa sama laifin duka.
Robar gilashi ta tsufa, ta tsage, wannan gaskiya ne,
amma numfashinka ma yana ciki.
Ka shigo da jiƙaƙƙen takalmi, ka kunna hita, ka rufe ƙofa,
dare ya yi, ƙarfe ya huce,
tururi ya nemi hanya ya rasa,
sai ya kwanta a inda ido ba ya zuwa.

Na ce a raina, sai bango ya tsage,
amma wannan ƙadangaren a cikin gida aka haife shi.

Mahaifina, Malam Tanimu, irinta ya tuƙa
tsakanin Gusau da Talatar Mafara.
Jarka biyu a but, ni ne mai ɗauka.
In ta yi zafi mu tsaya gindin tsamiya,
ya naɗe tsumma a hannu, ya buɗe lagireto,
ta yi tsaki, ta sha, mu ma mu sha ragowar.
Shekara nawa muna roƙon ruwa mu ba mota,
yau ga ni a durƙushe, furfura a gemu,
ina roƙon mota ta saki ruwa.

Na sa sukudireba na taɓa inda tsatsa ta yi ja.
Ban matsa ba. Wallahi ban matsa ba.
Ƙarfe ya buɗe kamar ɓawon ƙwai,
rami faɗin kwabo,
ta cikinsa ina kallon simintin gareji.

A kusurwa, ƙarƙashin kujera, wani abu ya maƙale:
tsinken gashi na mata, tsatsa ta ci rabinsa.
Na miƙa wa tsoho ta kan katanga.
Ya juya shi, ya sake juyawa.
Na Edna ne, ya ce. Ta neme shi har a bakin teku.
Ya sa a aljihun ƙirji, ya shige gida,
ya bar kofinsa yana tarar yayyafi.

Uwani, autata, haifaffiyar nan,
ta fito da na'urar busar da gashinta tana dariya:
Baba, a garin nan kake jiran rana?
Muka tuɓe dardumu muka rataye a kicin,
uwarta na mita, ba mu ji ba.
Muka ɗura gawayi a tsofaffin safa guda huɗu,
muka shimfiɗa jarida inda ƙafa ke sauka.
Mai walda ya ce sai Laraba, in Allah ya kai mu,
in Allah ya kai mu ɗin ni na ƙara masa.

Da magariba na koma duba ta.
Jaridar ta riga ta fara naso daga gefe.
Na murɗa hannun gilashi, na sauke shi faɗin yatsa,
wancan gefen ma haka,
na tsaya a duhu ina jin iska na ratsawa,
sannan na tuna da kofin tsoho, na je na ɗauko.