Nawa Zan Zuba?

Ƙarfe uku na dare a Reno.
Dusar ƙanƙara ta binne motocin waje,
mu shida muka rage a teburin karta.

Tara biyu na kife ƙarƙashin tafina,
ta uku ta faɗo a katin ƙarshe.
Dala ɗari huɗu na kwance a tsakiya.
Lorna mai rabo ta dube ni, ta dubi agogo.

Ga Wendell, tsohon direban tirela,
yana murza zoben marigayiyar matarsa.
Sarki gare shi, na sani:
tun da sarki ya fito kafaɗarsa ta sauka.

To, nawa?
In na tura ɗari, zai biya yana hamma,
in kwana cizon yatsa kan abin da na bar masa.
In na tura duka, zai shinshino tarko,
ya yar da kati, ya nemi kofi.
Tsakanin kwaɗayinsa da tsoronsa akwai farashi,
siriri kamar zare,
shekara goma sha ɗaya ina lalubensa.

Jiya, hannuna wayam, ɗari uku na zuba.
Ya gani. Wendell ba ya mantuwa.
Dole gaskiyar yau ta sa rigar ƙaryar jiya.

"Ɗari uku," na ce, murya ba gishiri.

Ya daɗe. Ya cire hula, ya mayar.
Sai ya tattaro tulinsa da hannu biyu,
ya turo tsakiya. "Duka."

Sarki ɗaya ne, ko biyu?
Ashe tun magariba
ni ma awona ake yi.