Gurbi na Tara

Tun kafin ladanin Garin Malam ya gyara murya
na baje takarduna a kan tabarma,
fitilar waya a bakina, wuta ta tafi tun isha'i.
Kai kuwa, Lawali, kana barcin ɗan kwana hamsin da uku,
hannunka a dunƙule kamar wanda aka aiko da saƙo
ya ƙi bayarwa.

Ga takardar bak, na share ta da gefen zane.
Ga ta haihuwata, wadda Baba ya ɓoye a gwangwanin shayi
shekara ashirin da biyu, har ta ɗauki ƙamshin.
Ga hoto huɗu.
Ranar ɗaukarsu yaron mai hoto ne ya riƙe ka,
shi ya sa a dukansu idona ya karkata hagu.

Tambur biyu, jika guda.
Ubanka ya cire ta daga kuɗin ruwa,
ranar jarka biyu muka saya a wurin mai garuwa,
wankinka ya kwana a roba.

Suna, na rubuta. Sunan uba, na rubuta.
Sana'ar miji: gyaran waya, rumfa ta uku, Kasuwar Dole.
Abin da yake samu a wata?
Na tambaye shi, ya yi dariya,
ya ce in rubuta Alhamis, sauran ranaku Allah ne ya sani.

Sai gurbi na tara: yawan 'ya'ya.
Bara da na cika irinta, layi na ja na wuce,
ko tsayawa ban yi ba.
Yau biro ya yi nauyi a hannuna.
Na ja sanda ɗaya, siririya, a tsaye,
na daɗe ina kallonta.
Duk naƙudar daren Talata,
duk ruwan zafin da Inna ta fyaɗa mini da ganye,
ashe a takarda iyakarsu ke nan.

A ƙofar ofishin bursi layi ya kai gindin dogon yaro.
'Yan matan da muka zana bak tare
suna ce mini Madam, suna matsa mini wuri a benci.
Na kwance ka, na ba ka nono a ƙarƙashin mayafi,
dosiye a cinyata,
kai kuma ka sa hannu irin naka:
tumbuɗi, daidai kan sunan jami'a.

Mutumin tagar bai ɗaga kai ba.
Ya lashi yatsa, ya juya, ya juya,
ya ce wannan kofi ba hatimin meri,
ki dawo Litinin.
Na ce Malam, da jariri nake zuwa.
Ya ce bursi bakin mutum ɗaya ya sani.
Har na juya, sai na ji shi a bayana:
rufe masa kai, akwai rana.

A kan kabu-kabu na yi ta lissafi.
In ta fito, ga kuɗin rajista, ga sabulu, ga rigakafi,
ga ɗan abin da zan ba Gwaggo Harira
ta riƙe ka daga takwas zuwa azahar.
In ba ta fito ba,
ban ƙarasa wannan lissafin ba, iska ta yi yawa.

Mun wuce duwatsun Birni, sun yi zaman dirshan
kamar tsofaffin da suka san inda ruwa ya ɓuya
suka yi shiru.
Abin da nake so in karanta ke nan, Lawali,
ƙarƙashin ƙasar Damagaram da jijiyoyinta,
don wata rana ka buɗe famfo da tsakar rana
ka ga ba abin mamaki ba ne.

An ce sunaye daga Yamai suke fitowa, bayan kaka.
Kafin nan ka iya zama.
Wataƙila har haƙori.

Yanzu dai sake mini biron nan,
akwai sauran gurbi biyu.