Ɗari Takwas

Takardar ta zo da ɗan tauraro a layi na uku.
Fararen ƙwayoyin jini: dubu sha ɗaya da ɗari takwas.
A gefe, da ƙananan baƙaƙe, iyaka: dubu sha ɗaya.
Na ninke ta huɗu, na cusa a aljihu,
na hau motar ƙauye daga Rize,
ruwa na dukan gilashi yadda ya saba.

Ni Nurhayat, shekara talatin ina yankan ganyen shayi
a gangaren da ko akuya sai ta yi shawara.
Na san ma'auni.
Na san yadda mai awo ke zaftare kilo biyu
ya ce ai ganyen a jiƙe yake.
Amma ɗari takwas ɗin nan, wa ya ɗora mini?

Yayana Cemil ma da takarda aka fara.
Wata shida a asibitin Trabzon, gadon bakin taga,
har hannunsa ya koma sillen kara.
Wanda maciji ya sara,
ko tsumma ya gani sai ya zabura.

Ban ce wa Hikmet uffan ba.
Na dafa miyar kabeji, na gasa burodin masara,
ya ci, ya sha shayi, ya kama minshari.
Ni kuwa na kwana lissafin abin da zan bari:
almakashin yanka, saniya guda, bashin taki,
da bargon jikata da ban gama saƙawa ba.

Likita Berrin ba ta yi mini dariya ba.
Ta ce, na yayanki nawa ne?
Na ce, ya haura dubu casa'in.
Ta ajiye biro. Ta juyo da takardar wajena.

Ta ce, waɗannan 'yan gadi ne.
Ko kyanwa ce ta taɓa ƙofa, fitowa suke.
Mura na tashinsu, ƙurji na tashinsu,
sigari, fargaba, allurar gwiwa,
har hawan tudu da buhu a baya.
Lamba ɗaya hoto ce, ba labari ba.
Dubi maƙwabtanta, jajayen suna nan daram,
masu tsai da jini ba su motsa ba.

Zazzaɓi? Babu.
Gumin dare? Rama? Babu.
Yatsunta masu sanyi suka bi wuyana, suka bi hammata,
suka tsaya ƙarƙashin muƙamuƙi na hagu.
Buɗe baki.

Kunya ta rufe ni.
Tun yankan fari nake tauna da gefe guda,
ina danna kanumfari a ramin haƙori,
don ganye ba ya jiran mai ciwo.

Ta ce, ban yi miki rantsuwa ba.
A cire shi, ki sha magani,
bayan mako uku mu sake awo.
In ta sauka, shi ke nan. In ta ƙi, sai mu bi sawu.

Mako uku ba kwana uku ba ne.
Na yi yanka na biyu cikin hazo,
Baƙin Teku a ƙasa kamar faranti,
harshena na ta kai ziyara gurbin haƙori.

Takarda ta biyu: dubu takwas da ɗari huɗu.
Na nemi tauraron, babu.
Na sake nema.

Da dare na ce, Hikmet, akwai maganar da na ɓoye.
Ya laluba aljihunsa, ya fito da ta farko,
ta sha ninki har ta yi laushi.
Ya ce, a kwandon wanki na tsince ta.
Minsharin nan da kike ji,
rabinsa na ƙarya ne.